Ɗan Lidon Da Ya San Mai Jefa Shi

Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgin Bankok bai yi mini sannu da zuwa ba. Ya ɗaga kwali mai ɗauke da sunana, ya dubi fuskata, ya dubi hoton da ke cikin wayarsa, sannan ya miƙo hannu. Ni kuma da ƙauyancina na zaci gaisawa za mu yi, na ba shi nawa har ina ɗan rusunawa. Ya janye hannunsa ya ce, "Fasfo." Wai za a buga mini izinin aiki. Na zaro na ba shi, ya jefa a aljihun rigarsa ya ja zif. Daga wannan lokaci, duk abin da na yi a can, tunanin ɗan koren littafin nan ne a raina, domin ban da shi ba ni da hanyar komawa Roni.

Habila ne ya kira ni wannan aiki. Tare muka yi karatun kwamfuta a Kazaure, benci ɗaya, ɗaki ɗaya, sau da yawa kwano ɗaya. Iyayensa mutanen Filato ne, Kiristoci. Babansa kafinta ne da ya zo Kazaure tun ba a haife mu ba, a nan ya rasu, mamarsa kuwa har yau tana ɗinkin kayan 'yan makaranta a bakin kasuwa. Habila shi ne mai ƙwaƙwalwar haɗa manhaja. Ni abin da Allah ya ba ni bayani ne, da wani naci da ya sa 'yan ajinmu suka laƙaba mini Gwada-mu-gani, don ko malami ne ya rubuta abu a allo ba na kwafa sai na buga shi a kwamfuta na ga ya yi aiki. Habila ya riga ni fita waje. Da ya turo saƙo cewa kamfaninsu na wasan kwamfuta yana neman mai rubuta littafin bayani, ina zaune a shagon wani a Roni ina buga wa mutane katin biki, ban tsaya tambayar komai ba. A rayuwata wannan ne abu na farko da na karɓa ban gwada ba.

Na zaci a cikin Bankok ofishin yake. Muka fita daga birnin, benaye suka ƙare, gonakin shinkafa suka fara, su ma suka ƙare, daji da duwatsu suka karɓa. An canza mini mota a bayan wani gidan mai, an sake canzawa a bakin wata kasuwa. Kowane sabon direba sai ya ɗauki hotona ya tura wa wani kafin ya tayar da mota, yadda dillalan Babura suke ɗaukar hoton sa su tura wa mai saye a kudu. Na lura da haka, na kori tunanin, na ce ƙila tsarin ƙasarsu ne.

Da la'asar sakaliya muka iso wani kogi mai ruwan laka, ba shi da wani faɗi. Aka sa ni a kwalekwale. Babu shingen hukuma, babu mai buga hatimi. Na tambayi mai tuƙin wace ƙasa ce a tsallake, ya tofar da abin da yake taunawa a ruwa ya ci gaba da tuƙi. A can gaɓar wasu samari ne da bindigogi da silifas suka karɓe ni, suka kai ni bakin wata doguwar katanga. Ni ɗan manomi ne, na san shingen da ake yi don kada dabbar waje ta shigo, na san wanda ake yi don kada ta ciki ta fita. Wayar da ke kan katangar nan ciki ta lanƙwaso.

Habila na zaune a bakin gado a ɗakin kwanan da aka kai ni. Da ƙyar na gane shi. Mutumin da muke tsokana da kumatu ya zama sai idanu.

"Ɗan Roni, ka iso?"

"Habila, ina ne nan?"

"Ka ci abinci tukuna."

"Ba abinci na tambaye ka ba."

Ya dubi ƙafafunsa. "Cewa suka yi in na kawo mutum ɗaya za su ba ni fasfona in tafi."

"Sun ba ka?"

"Ba ga ni kana gani ba?"

"Duk mutanen duniya ni ka gani? Ka ci tuwon gidanmu, Habila. Baba ɗansa yake kiran ka."

"Kai kaɗai na san za ka yarda da ni," in ji shi.

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki jakata na koma gadon da ya fi nisa da nasa. Daga ranar na ɗaura gaba da shi, irin gabar da ban taɓa sanin zan iya ba. In ya shigo layin abinci in fita, in ya yi mini magana in kalli bango.

Abin haushi, wasan da aka kawo ni in yi wa bayani ba shi da laifi, har ma ya burge ni. Abokai ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa a kan teburin da babu shi sai a fuskar kwamfuta. An zana taswira, kowa da ɗan hoton jaruminsa a kai, mutum ɗaya yana jan labari kamar mai tatsuniya: ga dodo a bakin kogo, me za ka yi? In ka ce za ka sare shi, ba bakinka ne zai yanke ko ka same shi ba, sai ka jefa ɗan lido. Ba irin namu mai fuska shida kaɗai ba, akwai mai huɗu, akwai mai takwas, har mai fuska ashirin, wanda shi ne babbansu. Ka rubuta /r 1d20, sai ya gangaro kan taswirar ya yi ta juyi har ya tsaya, kowa yana gani. In biyu masu fuska shida kake so, a ƙara musu uku, ka rubuta /r 2d6+3. Wanda ya gaji da maimaita wannan sai ya ɗaure umarnin wuri ɗaya, ya sa masa suna, ya maƙala shi a maɓalli. Shi suke kira makiro. Dannawa ɗaya, takobi ya sara, an jefa 'ya'yan lido, an faɗa wa kowa irin raunin da dodo ya ji.

Aikina shi ne in bi umarnin nan ɗaya bayan ɗaya in rubuta, da Turanci mai sauƙi, abin da kowanne yake yi, da misali, da kuskuren da sabon shiga zai iya yi. Kuma kamar yadda na saba, ba na sa misali a shafi sai na jefa shi na sake jefawa har na gamsu. Wannan fuskar kamfanin ce ta waje. A benen da ke samanmu akwai abin da suke kira ɗakunan manya, inda da 'ya'yan lidon nan dai ake caca, akwai kuma masu aikin janyo mutane zuwa can da daɗin baki. Na riƙa gaya wa kaina cewa ni marubuci ne, hannuna bai taɓa wannan ba. Wani lokaci na yarda da kaina, wani lokaci ban yarda ba.

Mai kula da mu wani ɗan siririn mutum ne da na sa wa suna Mai Murmushi. Bai taɓa ɗaga murya ba. Akwai wata gajeriyar sanda mai lantarki a ƙugunsa, ban taɓa ganin ya zare ta ba, amma nakan ji ƙararta daga sama, in ji abin da ke biyo baya. Shi komai da ɗan lido yake yanke shi. Wa zai wanke banɗaki, wa za a bari ya kira gida yana tsaye a kansa, wa zai kwana da yunwa saboda aikin ɓangarensu bai cika ba, sai ya buɗe wasan a babban allo ya ce a jefa. Yana son ya ga fuskar mutum lokacin da abin yake juyi. Akwai kalmar da ake faɗa a hankali a ɗakin kwana, wato sayarwa. Wanda ya gaza, ko ya yi taurin kai, akan sayar da shi ga wasu gidajen da ke can cikin duwatsu, inda aka ce namu aljanna ne a kansu. Wani ɗan Yuganda da ke kwana a samana ya fita aiki da safe, da yamma muka tarar an naɗe katifarsa. Babu wanda ya tambaya.

Kewar gida ta kama ni ta inda ban zata ba. A Roni gabas muke fuskanta mu yi salla. A nan sai na juya wa mafitar rana baya, in kalli inda take faɗuwa, kullum in ji kamar an kifar da duniyar ne ni kaɗai aka manta ba a gaya wa ba. Abinci kuwa naman alade ne a kusan komai, sai na koma cin farar shinkafa da gishiri. Wata tsohuwa ce take zuba mana, 'yar ƙasar, haƙoranta sun yi baƙi da abin da suke taunawa. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta lura ina kauce wa tukunyar miya. Wata rana na kai cokali ƙasan shinkafata na ji abu, ashe dafaffen ƙwai ne da ɗan busasshen kifi ta binne. Na ɗago kai, ta kawar da fuska tana zuba wa na bayana. Haka ta riƙa yi mini, ba mu taɓa ko gaisawa ba.

Da na zo rubuta shafin da ke bayyana abin da ya sa za a amince da ɗan lidon kwamfuta, Baba ne ya faɗo mini. Shi ke raba naman watanda a unguwarmu duk jajibirin ƙaramar Salla. A haɗa hannu a sayi sa, a yanka, ya kasa naman kashi-kashi a kan fatar. Duk iya adalcinsa, dole kashi ɗaya ya fi, wanda tozo ya faɗa a ciki. Sai kowane mai rabo ya kawo alamarsa a ɓoye, wani tsinke, wani tsakuwa, wani ƙwallon goruba, a zuba a hula. Sannan a tare wani mai wucewa da bai ga komai ba, a ce ya ɗora kowace alama a kan kashin da ya ga dama. Ƙa'idar Baba ɗaya ce: in mai ɗorawa ya gane alamar wani, dole ya faɗa, a sake daga farko. Ya taɓa sa an sake saboda mai ɗorawar ya yi dariya kawai. Habila yakan biyo ni Roni hutun Salla, har ya fara shiga watandar don ya kai wa mamarsa. Kullum marfin kwalbar lemo yake sawa, kullum kuma ƙashi da tumbi yake tashi da su. Yakan ce, "Baba Malam, anya hular nan ba ta san ni ba?" Baba ya ce, "Da ta san ka, ɗana, da na ƙone ta."

Na rubuta a shafin cewa ɗan lidon bai san mai jefa shi ba, don haka ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa. Na ji daɗin jimlar. A lokacin ban san ƙarya na rubuta ba.

Damina ta shigo, ruwa ba dare ba rana, lokacin da na kusa gama aikin. Mai Murmushi ya ce in na kammala za a duba maganar fasfona. Ya sa kwamfuta ta fitar mini da sunayen duk umarnin da ke cikin manhajar, ya ce wanda ba shi da bayani in yi masa. Na tambaye shi, "Duka?" Ya ce, "Duka." Can ƙasa na ga wani da ba shi da suna na kirki, harafi biyu ne kawai da lamba. Wanda ya kamata in tambaya Habila ne, yana zaune bai fi tsawon tabarma biyu daga kujerata ba. Amma muna gaba. Sai na yi abin da na iya, na gwada.

Umarnin yana karɓar sunan ɗan wasa, da alamar sama ko ƙasa. In ka sa sama, jifan mutumin ya riƙa yin kyau, in ka sa ƙasa ya riƙa lalacewa. Ba kowane jifa ba, daidai yadda mutum zai ce yau ba ranarsa ba ce. Na kuma gano wata 'yar alama: duk jifan da aka taɓa, in ɗan lidon ya zo tsayawa sai ya ɗan karkata ya gyara zama, kamar tsohon da ƙafarsa ta yi sanyi a kan tabarma. In ba ka san da ita ba, ba za ka gani ba.

Daga baya wasu sun ce jarumta na yi. Wallahi ba jarumta ba ce. Na karanta cewa masu jan labari sukan tausaya wa sabon ɗan wasa su sassauta masa don kada jaruminsa ya mutu tun a farko, sai na ɗauka don haka aka yi shi. Ko ɗakunan manya ba su zo mini a rai ba. Haushina kawai, a ce abu mai amfani haka ba shi da bayani. Na zauna na yi masa shafi mai kyau, da misalin yadda ake sa shi a makiro, da gargaɗin cewa ya kamata a sanar da 'yan wasa. A can ƙarshe, ƙarƙashin "A lura", na ambaci gyaran zaman. Na koma na gyara tsohuwar jimlata ta cewa bai san kowa ba, don ba na son shafi biyu su saɓa wa juna. Na wallafa, kamar yadda na wallafa sauran ba tare da kowa ya duba ba, domin a gidan nan an yi imani babu mai karanta littafin bayani.

Ashe akwai mai karantawa. Wani da ya daɗe yana asara a ɗakunan manya ya gani, ya ɗauki hoto, ya watsa. Ranar da abin ya fashe, ba ihu na fara ji ba, shiru na ji. Benen sama da kullum yake amo da muryoyi ya yi tsit. Masu bindiga suka shigo suka tsaya a bakin ƙofa. Mai Murmushi ya zo ya ja kujera kusa da ni, ya buɗe shafina a wayarsa, ya karanta kan maganar da misalin farko a bayyane, a hankali, sannan ya kashe wayar.

"Rubutunka yana da kyau," ya ce. "Kowa ya gane."

Ba zan faɗi abin da aka yi mini a ɗakin da aka kulle ni ba. Na dai san yanzu yadda sandar nan take. Abin da ya fi ta ciwo shi ne jin motoci suna ta kwashe kaya a waje, ina tunanin a cikin wane akwati fasfona yake. Tsohuwar nan ce take turo mini shinkafa ta ƙasan ƙofa, ƙwan yana nan a binne.

Da hantsi aka fito da ni. An kwashe kwamfutoci, saura ɗaya da babban allo. Habila na tsaye a gefe, leɓensa a fashe. A kan tebur ga korayen fasfo guda biyu, an jera su kamar katin wasa. Idona bai iya barin su ba.

Mai Murmushi ya ce za su tashi daga nan, sunan kamfanin ya ɓaci. "Mutanen cikin duwatsu suna son mai Turanci ɗaya. Ɗaya kawai. Ɗayan za mu miƙa wa 'yan sandan tsallake, su ma suna son su nuna wa duniya sun ceto wani. Ni ban damu da wanda zai je ina ba." Ya juyo gare ni. "Kai ka ce ɗan lidonmu yana da son kai. Na sa abokinka ya cire umarnin, na gwada da kaina, babu shi. To yanzu mai gaskiya ne, shi zai raba ku. Wanda ya fi yawa ya ɗauki fasfonsa."

Habila ya fara. Ya shiga da sunansa, ya rubuta /r 1d20. Abin ya gangaro, ya bugi gefen taswira, ya tsaya cak a kan sha shida. Na san wasan nan ciki da waje, na san fuskoki huɗu ne kawai suka rage mini a cikin ashirin. Na tuna katifar ɗan Yuganda. Na tuna Baba, da yadda za a riƙa tambayarsa labarina a masallaci yana cewa muna dai addu'a.

Na shiga da sunana. Yatsuna sun kumbura, sai da na goge na sake rubutawa. Na danna. Ya yi juyi, ya yi juyi, ya rage gudu, na ga bakwai tana tahowa sama. Sai ya ɗan karkata, ya gyara zama. Sha tara.

Babu wanda ya gani a ɗakin nan sai mu biyu. Mai Murmushi bai karanta shafina har ƙarshe ba, fuskata ma yake kallo, ba allon ba. Habila ya san halin mutumin, ya san da me zai raba mu. Sunan umarnin kawai ya goge, ya bar aikinsa a ɗaure da sunana, ya ja shi sama har iyaka. Na buɗe baki, ban ma san me zan ce ba, halin ne kawai na mutumin da ya ga abu bai yi daidai ba. Habila ya matso ya kama hannuna yana girgizawa kamar mai taya murna, ya ce da Hausa, yana dariya da fasasshen leɓensa:

"Gwada-mu-gani, yau ba ka ga komai ba. Rufe mini baki. In ka yi magana, mu biyun za su kai cikin duwatsu."

"Habila..."

"Ni na kawo ka, ni zan mayar da kai. Ɗauki abinka. Ka ce wa Mama na yi ƙiba."

Mai Murmushi ya tambaya me yake cewa. Habila ya ce, "Saƙon gida ne." Wannan ce maganar farko da muka yi tun ranar da na iso, ita ce kuma ta ƙarshe. Na ɗauki fasfona. Na Habila kuwa Mai Murmushi ya jefa a aljihu ya ja zif. Ina cikin kwalekwale na hango wata farar mota tana hawa hanyar duwatsu, gilasanta baƙaƙe, ban ga kowa a ciki ba.

Sauran tafiyar ba ta da labari. An ɗauke mu hoto da 'yan sanda, an tsare ni a wani ɗaki da mutanen ƙasashe da yawa, an yi ta tambayoyi, daga ƙarshe aka sa ni a jirgi. Na faɗi sunan Habila a duk teburin da aka zaunar da ni, can da nan gida. Kowa ya rubuta. Har yau lambarsa ba ta shiga.

Baba kaɗai na gaya wa komai, har da gyaran zaman. Ya saurara yana jan carbi har na gama. Maman Habila kuwa na je na durƙusa a shagonta na ce mata yana da rai lokacin da na baro shi, an canza masa wurin aiki ne, babu waya a can. Ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Yana cin abinci?" Na ce, "Ya ce in gaya miki ya yi ƙiba, Mama." Ta dube ni har na sunkuyar da kai, sannan ta ci gaba da ɗinki.

Jajibirin Sallar da ta biyo baya, tun da safe Baba ya aike ni garin Gwiwa karɓo wani saƙo da bai taka kara ya karya ba. Da na dawo na tarar an yanka sa, an kasa nama a kan fata a gindin darbejiyar ƙofar gida, masu rabo sun kewaye. Ina kafe babur Baba ya ce, "Yauwa, ga Nafi'u nan, bai ga komai ba. Zo ka ɗora mana."

Aka miƙo mini hula. Tsinke, tsakuwa, ƙwallon goruba, guntun kasko, wani ɗan ƙarfe. A ƙarƙashinsu ga marfin kwalbar lemo. Ashe Baba ya sa wa Habila hannu a watandar bana, ya kuma zaɓa masa alamar da duk unguwar ta sani. Na ɗago na dube shi. Ƙa'idarsa ce in faɗa, a sake. Mutumin da ya taɓa rushe rabo saboda dariya ya juya yana gyara wuƙa a kan dutse. Kawu Ilu, maƙwabcinmu da bai taɓa barin rabo ya wuce ba tare da gardama ba, ya yi tari ya kalli sama.

Na ɗora tsinke, na ɗora tsakuwa, na ɗora sauran inda hannuna ya kai. Marfin na riƙe har ƙarshe, na sa shi a kan kashin da tozo yake.

"Ƙuri'a ta faɗa," in ji Baba. "Kowa ya ɗauki nasa."

Na ɗaure naman a bayan babur na kai Kazaure kafin azahar. Maman Habila ta buɗe ledar a kan teburin yankan yadi, ta ga tozon, ta dafa ƙirji.

"Na Habila ne? Ƙuri'a ce ta ba shi?"

"Ita ce, Mama."

Ta yi dariya, hawaye yana zubo mata. "Yaron da kullum ƙashi yake kawo mini! Ka gani ko, Nafi'u? Wannan alama ce. Sa'arsa ta juyo, Allah ya tuna da shi. Duk inda yake, yau abin kirki ya same shi."

Na ce amin. Ta shiga ciki neman kwanon da za ta juye naman, ni kuma na tsaya a bakin shagon, marfin kwalbar yana cikin tafin hannuna.